Gidan ƙari a harabar gida: yadda Kalifoniya ta karɓe ikon hana gini daga hannun unguwanni

A shekarar 2016, a duk faɗin jihar Kalifoniya ta Amurka, mai mutum kusan miliyan 39, izinin da hukumomi suka bayar na gina ƙaramin gida na biyu a harabar gidan da ake zaune a ciki bai kai 1,500 ba. Zuwa 2022 adadin ya haura 20,000 a shekara guda. A 'yan shekarun nan, kusan ɗaya cikin kowane gida biyar da aka ba da izinin ginawa a jihar irin wannan ƙaramin gida ne, wanda ake kafawa a inda dā aka shuka ciyawa, ko a cikin garejin da aka fitar wa mota.

Ba wata sabuwar fasahar gini aka gano tsakanin waɗannan shekaru ba, kuma kayan gini ba su yi araha ba, tsada ma suka ƙara. Abin da ya sauya shi ne wanda ke da ikon cewa a'a. Majalisar dokokin jihar ta karɓe wannan iko daga hannun ƙananan hukumomi da maƙwabta, ta mayar da izinin ginin haƙƙin mai gida muddin ya cika sharuɗɗan da aka rubuta. Wannan shi ne ginshiƙin labarin, kuma shi ya sa jihohi da dama a Amurka suke kwaikwayon dokar.

Sai dai jihar da ta yi wannan nasara ita ce kuma jihar da ƙidayar 2024 ta samu kimanin mutum 187,000 marasa matsuguni a cikinta, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na marasa matsugunin Amurka baki ɗaya. Matsakaicin farashin gida a can ya wuce dala 800,000. Don haka tambayar da ta kamata ita ce: gidaje nawa ƙananan gine-ginen suka ƙara, kuma aljihun wa ribar ta shiga?

Mene ne gidan ƙari?

Hukumomin Amurka na kiran sa ADU a taƙaice. Jama'a kuwa na yi masa laƙabi da ɗakin kaka, masu jin Sifaniyanci su ce casita. A nan za mu kira shi gidan ƙari. Cikakken muhalli ne mai ƙofar shiga tasa, da wurin kwana, da kicin, da banɗaki, wanda ke kan fili ɗaya da babban gida. Wanda ya san ɗakunan BQ da ma'aikata da 'yan hidimar ƙasa ke kamawa haya a Abuja ko Kaduna ya riga ya san siffarsa. Bambancin shi ne a Kalifoniya sai da aka shafe shekaru sama da talatin ana tafka rigimar siyasa kafin a bar mutum ya gina shi a filinsa.

Iri uku ne a aikace. Akwai wanda ake ginawa daban a bayan babban ginin, akwai wanda ake jingina shi da jikin gidan, akwai kuma wanda ake samarwa ta hanyar gyara abin da ke akwai, musamman gareji. Dokar jihar ta ware wani ɗan ƙarami da bai wuce murabba'in ƙafa 500 ba, wanda ake yankowa daga cikin ginin gidan kansa. Mai gida na iya yin wannan ƙaramin ya kuma gina ɗaya a waje, wato filin da aka tsara wa iyali ɗaya ya ɗauki iyali uku.

Game da girma, dokar ta ce duk abin da ƙaramar hukuma za ta rubuta a tsarinta, ba ta da ikon hana gidan ƙari mai murabba'in ƙafa 800, misali ƙafa 20 a faɗi da 40 a tsawo, wanda tsayinsa ya kai ƙafa 16, idan an bar tazarar ƙafa 4 tsakaninsa da iyakar maƙwabci ta gefe da ta baya. Wannan ya isa ɗaki biyu da falo ƙarami.

Yadda ɗaki a fili ya zama laifi

Kafin ƙarni na 20, zaman iyali fiye da ɗaya a fili guda ba baƙon abu ba ne a biranen Amurka. Akwai ɗakunan masu kula da dawaki a saman barga, akwai ƙananan gidaje a lunguna, akwai zawarawan da ke ciyar da kansu da kuɗin masu haya. Dokar tsara unguwanni ce ta kawo ƙarshen hakan, kuma Kalifoniya na cikin wuraren da aka fara ta.

A 1916 birnin Berkeley ya ware unguwar Elmwood ya ce ba za a gina komai a cikinta ba sai gidan iyali ɗaya a kowane fili. Masana tarihi na lissafa wannan cikin dokokin farko irinsu a ƙasar, kuma ba a ɓoye manufar ba a lokacin: kare darajar gidajen Turawa masu hali daga kusantar baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya. Shekara guda bayan haka, a 1917, Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba unguwanni bisa launin fata kai tsaye. Amma a 1926, a shari'ar ƙauyen Euclid da kamfanin Ambler, kotun ta halatta raba su bisa nau'in gini, har alƙalin da ya rubuta hukuncin ya kwatanta benen haya a unguwar masu gidaje da abin da ke rayuwa ta hanyar tsotsar jikin wani. Ƙofar da aka rufe ta gaba sai aka buɗe ta ta baya. Ba sai ka rubuta cewa talaka ko baƙar fata ba zai zauna a unguwa ba. Ya isa ka ce wanda ba zai iya sayen gida sukutum da filinsa ba, babu masauki gare shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsarin ya mamaye ƙasar. Wani nazari da jaridar New York Times ta wallafa a 2019 ya nuna cewa kashi 75 cikin 100 na filayen zama a Los Anjeles an keɓe su ga gidan iyali ɗaya kawai, a San Jose kuwa kashi 94. Wato a dā, a mafi yawan ƙasar birnin, gina muhalli na biyu saɓa doka ne, komai yawan masu neman wurin kwana.

Mutane ba su daina buƙatar ɗaki don doka ta hana ba. A 1987 jaridar Los Angeles Times ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 200,000 na kwana a gareji kusan 42,000 a gundumar Los Anjeles, mafi yawansu baƙin haure masu ƙaramin ƙarfi. Wasu garejin babu taga, babu famfo, wayar lantarki kuma an jawo ta ne daga babban gida. Ɗan hayar da ke irin wannan wuri ba ya iya kai ƙara idan rufi na yoyo, domin ranar da jami'i ya zo dubawa ita ce ranar da za a fitar da shi. Gidan ƙari ya daɗe a Kalifoniya; abin da ya rasa shi ne takarda, da kariyar da takarda ke bayarwa.

Dokar da ta shekara 34 tana barci

Tun 1982 majalisar jihar ta zartar da dokar da ta buƙaci birane su ba da damar gina muhalli na biyu. A 2002 ta sake wata, ta ce a riƙa ba da izinin a ofis ba tare da kiran taron jin ra'ayin jama'a ba. A takarda, magana ta ƙare. A ƙasa kuwa kusan babu abin da ya motsa, kuma yadda hakan ta faru darasi ne ga duk mai bibiyar yadda hukuma ke kashe dokar da ba ta so ba tare da ta fito ta ƙi ta ba.

Biranen ba su ce sun haramta ba. Sharuɗɗa suka jera. Wani birni ya ce sai filinka ya kai wani girma da mafi yawan filayen garin ba su kai ba. Wani ya ce sai ka tanadi ƙarin wurin ajiye mota, wani lokaci mai rufi, kuma ba a yarda mota ta tsaya a bayan wata ba. Wani ya ce sai ka ja da baya daga katangar maƙwabci tazarar da idan ka auna, abin da ya rage ba zai ɗauki ɗaki ba. Hukumomin ruwa da na magudanar ƙazanta suka riƙa cajin kuɗin jona bututu kamar wanda ya gina sabon gida daga tushe, ga kuma kuɗin da ake karɓa da sunan nauyin da sabon mazaunin zai ɗora wa tituna da wuraren shaƙatawa, wanda a wasu garuruwa yakan kai dubun-dubatar daloli. Kowane sharaɗi shi kaɗai yana da hujjar da za a iya karewa. Haɗuwarsu ce ta zama katanga.

Dalilin siyasa a fili yake. Masu gidaje ne ke halartar zaman majalisar birni da yamma, su ne suka fi fita zaɓen kansiloli, su ne kuma dukiyarsu ke ƙaruwa idan gidaje suka yi ƙaranci. Wanda zai zauna a ɗakin da ba a gina ba tukuna ba ya cikin zauren, sau da yawa ma ba mazaunin garin ba ne, don haka ba shi da ƙuri'a a can.

Abin da aka yi daban daga 2016

'Yan majalisar da suka ɗauko batun a 2016, Sanata Bob Wieckowski da ɗan majalisar wakilan jiha Richard Bloom, sun bi sharuɗɗan ne ɗaya bayan ɗaya. Dokokinsu, SB 1069 da AB 2299, da suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2017, sun hana neman wurin ajiye mota idan gidan na cikin rabin mil daga tashar motar haya ko jirgin ƙasa. Sun hana cajin sabon kuɗin jona ruwa ga ɗakin da aka samar a cikin ginin da ke akwai. Sun ba hukuma kwana 120 ta amsa takardar neman izini. Mafi muhimmanci, sun ce duk dokar birnin da ta saɓa wa ta jiha ta zama wofi, kuma har sai birnin ya gyara tasa, ta jiha ce za ta yi aiki. A dā, jan ƙafa riba ce ga birni. Yanzu jan ƙafa na nufin rasa ikon da ya rage masa.

Los Anjeles ce ta fara nuna tasirin, inda masu neman izini suka tashi daga 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka zuwa dubbai cikin shekara guda. Wasu biranen kuwa suka koma neman sababbin ramuka, majalisa ta biyo su. A 2019 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a kan wani rukunin dokoki, ciki har da AB 68 ta Phil Ting, da AB 881, da SB 13. Aka rage wa'adin amsa zuwa kwana 60. Aka hana gindaya mafi ƙarancin girman fili. Aka ce wanda ya mayar da garejinsa ɗaki ba za a tilasta masa gina wa motar wani wuri ba. Aka soke kuɗin nauyin ababen more rayuwa ga gidan da bai kai murabba'in ƙafa 750 ba. Wata dokar, AB 670, ta hana ƙungiyoyin masu gidaje na rukunonin gidaje haramta shi a cikin yarjejeniyoyinsu. Aka kuma ba ma'aikatar gidaje ta jiha ikon duba dokar kowane birni, ta miƙa wanda ya ƙi gyarawa ga babban lauyan jiha.

Sharaɗi ɗaya ya fi sauran jawo muhawara, wato cewa dole mai filin ya zauna a ɗaya daga cikin gidajen biyu. Masu goyon bayansa na cewa shi ke hana 'yan kasuwa saye unguwa su mayar da ita gidajen haya. Masu adawa na cewa yana firgita bankuna, yana kuma ɗaure mai gida: idan aka yi maka sauyin wurin aiki zuwa wani gari, ko dai ka kori ɗan hayarka ko ka sayar. A 2019 aka dakatar da sharaɗin na shekara biyar, a 2023 dokar AB 976 ta soke shi dindindin ga gidan ƙari, ko da yake an bar shi ga ɗan ƙaramin da ke cikin ginin gida.

Abin lura shi ne ba doka ɗaya ce ta yi aikin ba. Kusan kowace shekara tun 2016 sai an dawo an toshe wata kafa. A 2024 ma an zartar da AB 2533, wadda ta sauƙaƙa wa waɗanda suka gina nasu ba izini kafin 2020 su yi masa rajista ba tare da tara ba, idan sun gyara abin da ke barazana ga lafiya da rai. Mutanen garejin da aka ƙirga a 1987 sun jira kusan shekara arba'in kafin wannan.

Me ya sa wannan ta wuce, manyan ƙudurori suka faɗi?

A daidai wannan lokaci Sanata Scott Wiener na San Faransisko ya gabatar da ƙudurorin da za su ba da damar gina benaye masu hawa huɗu ko biyar kusa da tashoshin sufuri. Na farko, SB 827, ya mutu a kwamiti a 2018. Na biyu, SB 50, ya faɗi a zauren majalisar dattawan jihar a Janairun 2020. Da sun wuce, da sun ba da damar gina gidaje fiye da abin da gidajen ƙari za su taɓa samarwa.

Bambancin yana ga wanda zai amfana. Bene kamfani ne ke gina shi, kuma mai gidan da ke maƙwabtaka ba ya ganin komai sai inuwa da cunkoso. Gidan ƙari kuwa mai gidan ne da kansa zai gina, shi zai karɓi haya, ko ya ajiye mahaifiyarsa, ko ɗansa da ya gama jami'a ya kasa kama ɗaki. Dokar ta raba kan rundunar da ta saba haɗuwa wajen hana gini, ta mayar da wasu daga cikinsu magina. Ƙungiyar AARP mai kare muradun tsofaffi, wadda 'yan siyasar Amurka ke shakkar taɓawa, na cikin masu goyon bayansa, haka ma matasan da ke fafutukar a ƙara gina gidaje. Masu ra'ayin riƙau suka karɓe shi a matsayin 'yancin mutum a kan dukiyarsa. Daga titi ma ba a cika ganin ginin ba.

Gwajin da ya biyo baya ya nuna iyakar wannan haɗin kai. A 2021 aka zartar da SB 9, wadda ta ba mai gida damar raba filinsa biyu ya gina gida biyu a kowane ɓangare. Birane suka koma tsohuwar dabararsu ta jera sharuɗɗa. Garin Woodside na attajirai, kudu da San Faransisko, ya sanar a farkon 2022 cewa ba zai karɓi takardun neman izini ba domin dukkan garin mazaunin zakin dutse ne, wata dabbar dawa da ake duba yiwuwar ba ta kariya. Sai da babban lauyan jiha Rob Bonta ya gargaɗe su, jama'a kuma suka yi ta yi musu dariya, sannan suka janye cikin 'yan kwanaki. Har yanzu gidajen da aka gina ƙarƙashin SB 9 kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da gidajen ƙari.

Lissafin kuɗin

Masu tallan gine-gine na son nuna gidan ƙari a matsayin rijiyar kuɗi a tsakar gida. Alƙaluman sun fi haka nauyi. Wani bincike da masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar a 2021, bayan tambayar waɗanda suka gina, ya samu matsakaicin kuɗin gini dala 150,000, wato kimanin dala 250 a kowane murabba'in ƙafa, matsakaicin kuɗin haya kuma dala 2,000 a wata. Ƙaramin gida ba ya zuwa da ƙaramin farashi daidai girmansa, domin abubuwan da suka fi cin kuɗi, wato kicin, banɗaki, harsashi, haƙa ramin bututu zuwa babban layi, da sauya akwatin lantarki, duk sai an yi su ko ɗaki ɗaya ne. Tun daga lokacin binciken kuma kuɗin kaya da na leburori ya ƙaru sosai.

Ga lissafi na misali. Wanda ya ci bashin dala 150,000 na shekara 30 a kan kuɗin ruwa kashi 3, kamar yadda ake samu a 2021, zai riƙa biyan kimanin dala 630 a wata. A kan kashi 7, inda kuɗin ruwan ya kai a 2023, biyan ya zama kusan dala 1,000. Da haya dala 2,000, duka biyun akwai rara. Amma idan ginin ya ci dala 250,000, aka kuma samo kuɗin a kan kashi 8 na shekara 20, biyan wata ya kusa dala 2,100, tun ba a cire inshora, gyare-gyare da watannin da ɗakin zai zauna babu kowa ba. Ginin iri ɗaya ne, amma ga wani riba ce tun watan farko, ga wani kuma jiran shekaru ashirin.

Haraji kuwa yana gefen mai gida. Ƙarƙashin dokar da masu zaɓen jihar suka amince da ita a 1978, wadda aka sani da Shawara ta 13, ana lissafa harajin gida ne a kan farashin da aka saye shi, kimanin kashi 1 cikin 100, kuma ƙimar ba ta tashi fiye da kashi 2 a shekara. Gina gidan ƙari ba ya sa a sake ƙimanta tsohon gidan. Darajar sabon ginin kawai ake ɗorawa. Wanda ya sayi gidansa a 1990 zai ci gaba da biyan haraji a kan ƙimar da ta samo asali daga farashin 1990, yana karɓar haya a farashin yau.

Daga ina kuɗin ginin ke fitowa? Mafi yawa daga ajiyar mai gida, ko daga bashin da banki ke bayarwa a kan darajar da gidan ya tara. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya daɗe da sayen gida a unguwar da farashi ya ninka yana da abin jinginarwa. Wanda ya saya bara, ko wanda albashinsa bai kai ma'aunin banki ba, yana da fili da izini amma ba shi da hanyar farawa. Binciken na Berkeley ya samu cewa waɗanda suka gina sun fi sauran masu gidajen jihar samun kuɗi. Gwamnati ta gwada cike giɓin. Hukumar lamunin gidaje ta jihar, CalHFA, ta ware dala miliyan 100 tana ba masu matsakaici da ƙaramin ƙarfi tallafin da ya kai dala 40,000 don biyan zane, izini da shirya fili. Kuɗin suka ƙare, aka ƙara miliyan 25 a ƙarshen 2023, su ma suka ƙare cikin 'yan kwanaki. Idan aka raba miliyan 125 da 40,000, gidaje dubu uku da 'yan kai ke nan, a jihar da ake ba da izini sama da 20,000 a shekara. A matakin tarayya, tun Oktoban 2023 hukumar FHA ta yarda bankuna su lissafa wani kaso na hayar da ake sa ran samu daga gidan ƙari cikin kuɗin shigar mai neman bashi, abin da dā ba a yi.

Wa ke kwana a ciki?

Nan ne ya kamata a rage murna. A binciken na 2021, kusan rabin sababbin gidajen ƙari ne kawai, kashi 51 cikin 100, ake bayarwa haya. Kashi 16 dangi ne ke zaune kyauta. Kashi 8 ana ba baƙi na 'yan kwanaki, irin na Airbnb, duk da cewa doka ta ba birane damar hana hayar da ba ta wuce kwana 30 ba. Sauran sun haɗa da ofisoshi da ɗakunan saukar baƙi. Kakar da ta koma harabar 'yarta ta bar wani gida ga wani, don haka ita ma ta rage matsin kasuwa. Ofis mai banɗaki kuwa bai ba kowa wurin kwana ba, amma a rahoton hukuma an ƙirga shi a matsayin sabon gida. Sannan izini ba gini ba ne: waɗanda aka kammala kullum sun gaza waɗanda aka amince da su.

Wannan ƙirga tana da amfani ga wasu. Dokar Kalifoniya ta ɗora wa kowane birni adadin gidajen da zai tsara wa wuri, har da kason masu ƙaramin ƙarfi. Garuruwan attajirai irin su Atherton, waɗanda ba sa son ganin bene ko ɗaya, sun cika kaso mai yawa na tsarinsu da hasashen gidajen ƙari, suna lissafa wasu a matsayin na talakawa. Babu abin da ke tilasta wa mai katafaren gida ya ba talaka hayar ɗakin da ke gefen wurin ninƙayarsa. Dokar da aka yi don karya ikon hana gini ta zama, a irin waɗannan wurare, mafakar masu hanawa.

Shi ma ɗan hayar da ya samu shiga, kariyarsa ba ta da ƙarfi. Dokar jihar ta 2019 da ta taƙaita ƙarin kuɗin haya a shekara, AB 1482, ba ta shafi ginin da bai kai shekara 15 ba, wanda ke nufin sababbin gidajen ƙari na wajenta. Mai gidan kuma maƙwabcinka ne na ƙofa da ƙofa, kuma ranar da ɗansa ya dawo gida, kai ne za ka tattara kaya.

A ma'aunin jiha, gwamnatin Kalifoniya da kanta ta ce tana buƙatar a tsara gidaje miliyan 2.5 kafin 2030. Ko da gidajen ƙari 25,000 ake kammalawa duk shekara, kuma kowanne ya samu mazauni, shekara takwas za su ba da 200,000, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Kasonsu ya yi girma a cikin sababbin gidaje ne saboda sauran gine-ginen sun yi kaɗan. A ganina wannan ba hujjar raina su ba ce: muhalli ne da aka samar galibi ba da kuɗin gwamnati ba, ba a rushe gidan kowa ba, a unguwannin da ke da makarantu da ayyukan yi waɗanda shekara ɗari ɗan haya bai samu shiga ba. Amma a jihar da fiye da kashi 40 cikin 100 na magidanta 'yan haya ne, tsarin da ya fi kowanne nasara shi ne wanda ya ƙara wa masu fili hanyar samun kuɗi, kuma bai kamata a manta da hakan ba idan 'yan siyasa suka zo nuna alƙaluma.

Inda ake ja yanzu

Birnin San Diyego ya gwada tura dokar gaba. Daga 2020 ya ce duk wanda ya gina gidan ƙari ɗaya ya ɗaure shi da yarjejeniyar haya mai rahusa, za a ba shi damar ƙara wani a farashin kasuwa, kuma kusa da layukan sufuri babu iyakar adadi. 'Yan kasuwa suka fahimci damar, aka fara ganin filin gida ɗaya ɗauke da muhalli goma ko fiye. Tsarin ya samar da gidaje masu rahusa a rubuce, abin da dokar jiha ba ta yi ba, amma ya rushe yarjejeniyar da ta sa masu gidaje suka yi shiru tun farko, domin wannan karon daga titi ana ganin ginin. Mazauna unguwanni suka cika zauren majalisar birnin, kuma a 2025 aka sa wa tsarin iyaka.

Wasu jihohin sun ɗauki darasin Kalifoniya tun daga inda ta tsaya. Jihar Washington ta zartar a 2023 cewa a bar gidan ƙari biyu a kowane fili a yankunan birane. Massachusetts ta halatta mai murabba'in ƙafa 900 ba tare da izini na musamman ba a dokarta ta 2024.

A Kalifoniya kanta, gwajin da ya fi dacewa matasa su sa wa ido shi ne na dokar AB 1033 ta 2023. Kafin ita, a ƙa'ida ba a sayar da gidan ƙari daban da babban gida, don haka mazauninsa ɗan haya ne har abada. Dokar ta ba birane zaɓin yarda a sayar da shi shi kaɗai, mai saye ya mallaki ginin, su yi tarayya da mai babban gida a kan filin. Sai dai wannan karon majalisa ba ta tilasta ba, ta bar wa kowane birni ya zaɓa, kuma sai bankin da ke riƙe da jinginar babban gidan ya sa hannu. San Jose, birnin da kashi 94 na filayen zamansa aka keɓe wa gidan iyali ɗaya, shi ya fara amincewa a 2024. Jihar na da birane 480 da 'yan kai, kuma waɗanda suka bi sahunsa ƙalilan ne.